Tudun Greenwich, Gidan Agogon GMT

Duk wanda ya saba kama rediyo da asuba ko da almuru, a Kano yake ko a Maraɗi ko a zangon Kumasi, ya sha jin mai gabatar da shiri yana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, watau ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar. Haruffan nan uku sun zauna a kunnen jama'a, amma kaɗan ne suka san cewa na farkonsu yana wakiltar sunan wata unguwa ce da ke kudu maso gabashin birnin Landan, a bakin kogin Thames. Greenwich ake rubutawa, mutanen wurin kuwa Girinic suke faɗi. A kan wani ɗan tudu na unguwar nan aka yi shekara kusan 300 ana fama da tambaya guda, watau yaya za a yi agogo ya daina sauri ko nawa idan zafi ya shigo ko sanyi ya sauka. Tambayar ba ta mutu ba har gobe, sai dai ta tashi daga agogon bango ta koma cikin kwamfuta da wayar hannu.

Hanyar da ta fi daɗi zuwa can ita ce ta ruwa. Baƙo yakan shiga jirgi a gindin hasumiyar Big Ben, jirgin ya bi kogi ya yi gabas, ya wuce ƙarƙashin gadar nan mai buɗewa, ya ratsa tsofaffin matsayan jiragen kaya waɗanda yanzu suka zama gidajen kwana da ofisoshi. Kafin awa guda ta cika sai ga Greenwich a hannun dama. Abin da zai fara tarar mutum a gaɓa shi ne Cutty Sark, wani jirgi mai filafilai da aka ƙera a 1869 don ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin. Kusa da shi akwai fararen gine-gine masu ƙubba biyu, waɗanda a dā asibitin tsofaffin sojojin ruwa ne, daga baya suka zama kwalejinsu. In an wuce su sai fili mai ciyawa da manyan itatuwa, sa'an nan hanya ta miƙe ta hau tudu. Hawan ba shi da nisa, amma yakan sa dattijo ya tsaya ya huta sau ɗaya ko biyu. Daga sama mutum zai ga kogin ya yi lanƙwasa kamar baka, dogayen benayen bankuna suna tsaye a ƙetare.

A nan gidan nazarin taurari yake, wanda Sarki Charles na Biyu ya ba da umurni a gina a 1675. Christopher Wren ne ya tsara ginin, John Flamsteed kuma shi aka fara naɗawa masanin taurari na Sarki. A jikin bangon ƙofa akwai wani agogo da aka kafa a 1852, mai awa 24 a fuskarsa maimakon 12, don haka da tsakar rana gajeren hannunsa ƙasa yake nunawa, abin da kan rikita baƙi. A bisa rufin kuwa akwai wata jar ƙwallo a jikin sanda. Tun 1833 ake ɗaga ta kaɗan kafin ƙarfe ɗaya na rana, da ƙarfe ɗaya ta buga sai a sake ta ta faɗo, domin matuƙan jiragen da ke kogi su gani su daidaita agogunansu. A tsakar gida akwai layin ƙarfe a shimfiɗe a ƙasa, wanda ƙasashe 22 daga cikin 25 suka zaɓa a taron Washington na 1884 ya zama mafarin awon gabas da yamma na duniya. Da mutum zai bi layin nan ya yi ta yin kudu, zai ratsa Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Ghana.

Dalilin ginin

Ba don ƙawa aka gina gidan nan ba, asarar rayuka ce ta jawo shi. A zamanin nan matuƙin jirgin ruwa yana iya sanin nisansa kudu ko arewa ta hanyar auna tsayin rana, amma nisansa gabas ko yamma sai dai ya kintata. A watan Oktoba na 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka faɗa kan duwatsun tsibiran Scilly da dare, mutane fiye da 1,400 suka halaka. Bayan shekara bakwai, a 1714, majalisar ƙasar ta sa ladar fam 20,000 ga wanda ya kawo dabarar warware matsalar.

Hanyar warwarewa sananniya ce, aiwatar da ita ne ya gagara. Mai karatu ya san rana takan faɗi a Maiduguri kimanin rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, saboda Maiduguri ta fi gabas. Duniya takan juya digiri 15 a kowace awa, watau digiri ɗaya a minti huɗu. To, in matuƙi yana da agogon da ke riƙe da lokacin gida, sai ya dubi rana ya san lokacin inda yake, bambancin da ke tsakani ya gaya masa nisansa. Sharaɗin babbar ladar shi ne kada kuskure ya wuce rabin digiri, watau minti biyu, a tafiyar da kan ɗauki mako shida. In aka raba, bai kamata agogon ya kauce da fiye da daƙiƙa uku a yini ba, alhali jirgi yana tangaɗi, kuma ya fito daga sanyin Ingila ya shiga zafin tsibiran Karebiyan.

A cikin tsohon ginin akwai wani ɗaki mai kusurwa takwas da dogayen tagogi, inda a 1676 aka kafa agoguna biyu na Thomas Tompion, kowanne da lilo mai tsawon ƙafa 13 a ɓoye bayan katakon bango. Wanda ya tsaya a ɗakin nan zai fahimci cewa kowane agogo abu biyu ne kawai: wani abu da ke kaɗawa a kai a kai, da wani abu da ke ƙirga kaɗawar. Ƙirga ba ta da wuya. Wahalar tana wajen samun abin da kaɗawarsa ba ta canzawa. Ƙarfe in ya ji zafi yakan ƙara tsawo, in ya ji sanyi ya tsuke, lilo kuwa in ya ƙara tsawo sai ya rage sauri. Lilon baƙin ƙarfe yakan yi asarar kimanin rabin daƙiƙa a yini a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. Agogon aljihu na zamanin ya fi haka muni, domin zafi yana sassauta siririn sifirin da ke cikinsa, har ya yi asarar daƙiƙa 10 a yini a kan digiri ɗaya.

Kafintan da ya ƙure malamai

Ɗakin da ya fi tara jama'a shi ne na agogunan John Harrison. An haife shi a 1693, ya tashi a ƙauyen Barrow a bakin kogin Humber, kuma sana'ar gidansu kafinta ce, ƙirar agogo da kansa ya koya. Ya lura cewa tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa in an yi zafi. Sai wajen 1726 ya haɗa lilo da sanduna na ƙarafan biyu a jere, waɗansu suna miƙewa ƙasa, waɗansu suna tura nauyin sama, miƙewar wannan ta cinye ta wancan, tsawon lilo ya tsaya yadda yake ko da rani ko da hunturu. Kafin shi George Graham ya nemi biyan wannan bukata da tulun zaiba a ƙarshen lilo, a 1721.

Amma lilo ba ya aiki a kan teku. Don haka Harrison ya ƙera wani agogo mai nauyin kilo 34, wanda aka gama a 1735, yau ana kiransa H1. Maimakon lilo yana da sanduna biyu masu dunƙulen tagulla a kai da gindi, suna kaɗawa suna fuskantar juna, duk abin da tangaɗin jirgi ya ƙara wa ɗaya sai ya rage wa ɗayan. Waɗansu sassansa na wani katako ne mai maiƙo a jikinsa, saboda man da ake ɗiga wa agogo yakan yi kauri da sanyi ya tsinke da zafi. Na uku ya ci masa shekara 19, kuma a cikinsa ya fito da wata dabara da har yanzu ake cin moriyarta: ya manna fallen tagulla da fallen baƙin ƙarfe baya da baya, in zafi ya zo sai su tanƙware gefe guda, tanƙwarar ta gyara sifirin da kanta. Irin fallen nan ne ke kashe dutsen guga na lantarki in ya yi zafi da yawa.

Na huɗun, H4, bai yi kama da yayyensa ba. Kamar babban agogon aljihu yake, faɗinsa santimita 13, yana bugawa sau biyar a daƙiƙa. A watan Nuwamba na 1761 ɗansa William ya shiga jirgi da shi zuwa Jamaika, suka isa a Janairun 1762. Da aka cire ɗan saɓanin da aka riga aka san yana yi kullum, kuskuren da ya rage bai fi kimanin daƙiƙa biyar ba. Duk da haka hukumar ladar ta yi ta jan ƙafa, aka sake gwaji zuwa Barbados a 1764, aka biya shi rabi, sai da Sarki George na Uku ya sa baki kana majalisa ta ƙara masa fam 8,750 a 1773, yana ɗan shekara 80. Ya rasu a 1776. Agogunan nan sun yi shekaru a yashe suna tsatsa, har wani hafsan sojan ruwa, Rupert Gould, ya ɗauki nauyin gyaransu daga 1920 zuwa 1933.

Bayan Harrison

Daga nan aikin ya rabu hanya biyu. Waɗansu suka ci gaba da neman abin da zafi ba ya damunsa, har a 1896 Charles Guillaume, wanda ke aiki kusa da Paris, ya haɗa baƙin ƙarfe da nikel kashi 36 cikin ɗari, ya sami wani ƙarfe da ake kira inba wanda da ƙyar yake miƙewa. Aikin ya jawo masa kyautar Nobel a 1920. Waɗansu kuwa suka ce tun da ba a iya hana ƙarfe jin zafi sarai, bari a hana zafin canzawa. Sai aka riƙa ajiye manyan agoguna a ɗakunan da ake tsare ɗuminsu dare da rana, cikin tukwanen da aka zuƙe wa iska. Agogon William Shortt na 1921, wanda Greenwich ta yi aiki da irinsa, ya haɗa dabarun biyu, kuskurensa bai fi kimanin daƙiƙa ɗaya a shekara ba.

Raba lokacin ga jama'a shi ma sana'a ce. Daga 1836 iyalin Belville sukan zo tudun nan su daidaita wani agogon aljihu, su zaga shagunan Landan suna sayar da lokaci ga masu biya, kuma 'yarsu Ruth ba ta daina ba sai wajen 1940. Gidan rediyon BBC ya fara watsa ƙarar nan shida ta cikar awa ran 5 ga Fabrairu, 1924, daga agogon Greenwich.

Dutsen da ke cikin kwamfuta

Abin da ya kori lilo shi ne ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz. A 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano cewa in an matsa dutsen nan yakan ba da lantarki, daga baya kuma aka tabbatar in an sa masa lantarki yakan motsa. Warren Marrison da J. W. Horton suka yi agogon farko da shi a Amurka a 1927. Yau kowace kwamfuta tana da wani ɗan yanki nasa da bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, da ɗan batiri mai kama da kwabo wanda ke riƙe shi in an kashe na'ura. An zaɓi adadin ne don in aka yi ta raba shi biyu har sau 15 sai a sami ɗaya cif.

Amma tsohon abokin gaba ya biyo shi har nan. Ana yanka irin wannan dutse ya yi daidai a zafin digiri 25. In zafi ya haura, ko ya sauka, ta kowane gefe nawa yake yi, kuma nawar tana ninkuwa: kaucewar digiri 10 takan jawo asarar kimanin sulusin daƙiƙa a yini, ta digiri 20 kuwa fiye da daƙiƙa ɗaya. Ke nan na'urar da aka bari a ɗakin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya kai digiri 45, ba za ta yi tafiya ɗaya da 'yar'uwarta da ke ɗaki mai sanyi ba. Ban da haka, dutsen arha yakan fito daga masana'anta da saɓanin kashi 20 cikin miliyan, wanda ya kusa minti guda a wata. Kwamfuta kuma da kanta take hura wa agogonta wuta, domin duk sa'ad da aiki ya yi mata yawa cikinta yakan ɗau zafi, saurin dutsen ya canza.

Magungunan da injiniyoyi ke bi uku ne, kuma duk wanda ya zaga ɗakunan Greenwich zai gane su. Na farko shi ne gyara yankan dutse. Tun 1934 aka gano cewa in an yanka shi a karkace, wajen digiri 35, zafi ba ya tasiri a kansa sosai, wannan kuwa tafarkin Guillaume ne. Na biyu shi ne a sa ma'aunin zafi kusa da dutsen, da wata 'yar na'ura da ke ƙara masa sauri ko ta rage gwargwadon abin da ma'aunin ya faɗa. Wannan dabarar Harrison ce aka mai da ta lantarki, kuma ita ke cikin wayoyin hannu da yawa. Na uku shi ne a rufe dutsen cikin wani ɗan tanderu da bai fi akwatin ashana ba, a riƙe zafinsa a wuri guda, sau da yawa sama da digiri 70. Ana zaɓar zafi mai yawa ne don ya fi na kowane ɗaki, tun da ɗumama abu ya fi sanyaya shi sauƙi. Mai tanderu yana da tsada, yana shan wuta, sai ya yi mintoci kafin ya daidaita, amma mai kyau ba ya kauce wa da fiye da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a yini.

Can sama da kogi

Wanda ke son ganin inda labarin ya dosa sai ya bi kogin ya yi yamma, ya ratsa Landan duka zuwa Teddington, inda ambaliyar teku ke tsayawa. A gefen wani fili mai barewa a sake akwai cibiyar awo ta ƙasar Ingila, wadda aka kafa a 1900. A nan Alan Turing ya tsara ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, a nan kuma Louis Essen da Jack Parry suka tayar da agogon ƙwayar zarra a 1955, mai aiki da sinadarin siziyam, wanda sai ya yi shekara 300 kafin ya kauce da daƙiƙa ɗaya. A 1967 ƙasashe suka yarda cewa daƙiƙa ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ƙwayar siziyam ke amsawa. Ko a nan ba a rabu da zafi ba. A manyan agogunan yanzu sai an sanyaya ƙwayoyin da hasken leza har su kusa daina motsi, kuma sai an lissafa ɗumin bangon tukunyar an cire tasirinsa.

Lokacin duniya na yau, wanda ake kira UTC, wani ofishi ne kusa da Paris ke haɗa shi daga irin agogunan nan fiye da 400 na ƙasashe dabam dabam. Kwamfuta takan tambayi lokacin ta intanet, bisa tsarin da David Mills ya shimfiɗa a 1985, ko ta karɓe shi daga taurarin ɗan'adam na GPS. Mai karatu zai iya cewa, to, in haka ne mene ne amfanin dutse mai tsada? Amsar ita ce, tsakanin tambaya da tambaya dutsen ne kaɗai ke riƙe da lokaci, kamar yadda H4 ya riƙe lokacin Ingila a tsakiyar teku. In layi ya yanke, ko saƙon sama ya gurɓace, ingancinsa ne zai nuna ko na'ura za ta jure awa guda ko yini guda. Turakun wayar hannu suna raba wa masu kira lokaci gutsure gutsure, bankuna suna jera ciniki bisa wanda ya riga wani, masu kula da wutar lantarki suna gano inda layi ya lalace ta hanyar gwama agoguna. A GPS kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300 a ƙasa. A watan Janairu na 2016 waɗansu taurarin suka watsa lokaci mai kuskuren kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa, na'urorin sadarwa a ƙasashe da dama suka yi ta ƙara, har rediyon zamani na BBC ya sami tangarɗa.

Greenwich kanta ta daɗe da sauka daga wannan aiki. Hayaƙi da fitilun Landan sun kori masanan taurari zuwa Herstmonceux tsakanin 1948 da 1957, gidan ya zama wurin tarihi, a 1997 kuma aka sa unguwar cikin wuraren gadon duniya. Agogon bakin ƙofa ma ƙanƙarar dutse ce ke tafiyar da shi yanzu. Baƙi sukan yi layi su ɗora ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma a ɗauke su hoto, wanda kuma ya duba wayarsa zai ga ta ce ainihin layin yana wajen mita 102 gabas da inda yake tsaye, saboda awon taurarin ɗan'adam ya bambanta da na madubin hangen nesa na 1851.

A cikin ɗakin Harrison, H4 yana kwance shiru a akwatin gilashi. Ba a cika tayar da shi ba, domin yana bukatar mai, kuma aiki zai cinye haƙoransa. Manyan yayyensa uku kuwa, waɗanda ba su san mai ba, akan bar su suna aiki, dunƙulen tagulla suna matsowa suna rabuwa a hankali. In almuru ta yi, ma'aikata sukan rufe ƙofa, wani koren haske ya tashi daga ginin ya bi layin ya ƙetare kogi ya nufi arewa, baƙi kuma su gangara tudu su tari jirgin komawa.